Zangarniya a Jikin Fitila

A gidanmu na New Bell akwai wata fitila mai rassa shida rataye a tsakiyar falo, daidai saman inda muke shimfiɗa tabarma mu ci abinci. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, shi ya sayo ta shekarar da ya sauke farali. Duk tsawon shekara ba mai ɗaga kai ya dube ta. Amma da zarar watan Oktoba ya kama, sai Hajiya ta ba direbobin manyan motocin da ke saukowa daga Garwa da Marwa saƙo: a taho mata da zangarniyar sabon gero, da ta jar dawa in an samu. Ranar da saƙon ya iso, ɗayanmu zai hau kujera, ita tana ƙasa tana nuni da sanda, a ɗaura wa kowane reshe zangarniya biyu da zare.

Mun daɗe muna ɗaukar abin a matsayin rigimar tsufa. Ina Duwala, ina kaka? Garin da ruwa ke farawa tun Maris, ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya a Yuli da Agusta, bai ɗauke ba sai wajen Nuwamba. Mu nan ba mu san hunturu mai fasa leɓe ba, ba mu san bazara mai jiran hadari ba. Shekararmu ruwa ce da zufa.

Wani ɗan ƙanenmu ne ya sa muka daina dariya. Yana aji huɗu a lokacin. Ya ɗaga kai muna cikin cin tuwo, ya ce, "Hajiya, me ya sa kike rataye ciyawa a fitila?" Ta ce, "Kai, mijin banza, ba ka ga kaka ta zo ba?" Yaro ya waiwaya ya dubi ƙofa, ya ce, "Wace kakar? Ba ga ki nan zaune ba?" Muka tuntsire. Da dariyar ta lafa sai falon ya yi tsit, domin kowa ya gane abin da ya ji. Yaron nan zai iya zayyana maka yadda ganye ke kaɗewa a Faransa, ya karanta a littafin makaranta. Lokacin girbin kakanninsa kuwa, ko sunansa bai sani ba.

Laifin ba nasa ba ne. Fatauci ya kawo iyayen iyayenmu bakin teku, da goro da shanu da tufa, tun zamanin Jamusawa. A 1914, shekarar da aka rataye Rudolf Duala Manga Bell saboda ya ƙi yarda a ƙwace ƙasar mutanensa, aka tura baƙar fata bayan gari, New Bell ta zama masaukin baƙi. A nan aka haife mu, a nan muka haifa. Mun riƙe masallaci, mun riƙe sutura, mun riƙe tuwo. Abin da ya sulale ba mu ankara ba shi ne kalmomin gona, tun da hatsinmu a buhu yake zuwa.

Daren nan Hajiya ta sa aka sauko da zangarniya ɗaya. Ta gaya wa jikokinta cewa a garinsu manomi yakan zaɓi zangarniyar da ta fi cika ya rataye ta a rufin ɗaki inda hayaƙi ke taɓawa, don ƙwari su bar ta, ita ce irin baɗi. Ta koya musu dami da rumbu, sussuka da shiƙa da ƙaiƙayi. Ta ba su labarin tumu, sabon geron da ake gasawa a wuta a murje a tafin hannu. Gani ya kori ji: abin da muka kasa koyarwa da baki, ga shi rataye bisa kansu suna cin abinci.

Adon yana da wahalarsa. Mun sauya ƙwayayen fitilar zuwa waɗanda ba sa zafi, kuma muna nesanta zaren da su, domin a unguwar da gidajen katako suka jingina da juna ba a wasa da gobara. Laimar Duwala ma ba ta raga wa hatsi. Kafin wata ya zagayo fumfuna ta fara hawa, dole a sauke a zubar. Hajiya kan ce ai ko a Arewa kaka ba ta zama, wucewa take yi.

Bana gwiwa ta hana ta tsayuwa. Tana zaune a tabarma, wannan jikan nata ne ya hau kujera ba tare da an aike shi ba, ya ware zangarniya ɗaya ya ajiye gefe, wai ta tumu ce, ko da ta bushe.

'Yan uwa na New Bell da sauran unguwanninmu, in kun zauna cin abinci yau, ku tambayi yaranku ma'anar kaka. In ɗaya kawai suka sani, motocin Arewa suna hanya. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya bar mu da iyayenmu.