Furen da Ake Hana Shi Sauri

A ƙarshen watan Mayu na leƙa ta kan shinge, sai na ga maƙwabciyata, wata dattijuwa a nan Ingila, tana datse kan shukarta da almakashi. Ga ta kore shar, ko fure ba ta fara ba. Wanda ya tashi a karkarar Katsina in ya tarar da shuka a haka, akuyar maƙwabta zai fara zargi.

Shukar ita ce asta, wadda ake kira Michaelmas daisy saboda tana fure wajen 29 ga Satumba, ranar da Kiristocin nan ke tunawa da Mala'ika Mika'ilu. Da yawa daga cikin irinta asalinsu Arewacin Amurka ne. A ƙauyen Colwall, Ernest Ballard ya kafa lambu a 1906 yana haɗa iri, kuma har yau ana renon ɗaruruwan iri a wurin.

Ashe da gangan maƙwabciyata take datsewar. In an rage tsayin, sai shukar ta yi rassa, ta tsaya da ƙafarta ba tare da tokari ba, furen kuma ya jinkirta. Jinkirin nan shi ya fi ɗaure mini kai. Mu a gida kullum tsere muke da damina, muna neman gero da wake masu saurin nuna kafin ruwa ya ɗauke. Ita kuwa so take furen ya makara, ya zo lokacin da sauran furanni suka kaɗe, ƙudan zuma na neman na ƙarshe.

Da hunturu sai karan ya bushe ƙurmus, saiwar na nan da rai a ƙasa. Wannan kam ba baƙona ba ne, haka albasar kwaɗi ke kwanciya duk rani har ruwan farko. Sai dai abin tsoron ya bambanta. Mu ƙishirwa ke kashe mana shuka, su kuma ruwan da ya kwanta a laka cikin sanyi ke ruɓar da saiwa.

Duk bayan shekara biyu ko uku, da bazararsu, maƙwabciyata takan tone gindin, ta yar da tsohuwar tsakiya, ta dasa na gefe. Bana ta miƙo mini kashi ɗaya ta kan shinge. Na tambaye ta ko ana sa ganyen a miya. Dariya ta yi har tana riƙe ciki.