Zumunta a ƙafa take

A Gaya, garin da ke fuskantar Malanbil a tsallaken kogin Kwara, hanya kuma ta nufi Kamba, da yawa daga masu zuwa majami'a baƙi ne da fatauci ko aiki ya kawo daga Benin, Togo da Najeriya. Faston da ya kafa sabuwar ikilisiya a nan yakan fara da kai gaisuwa gidan mai unguwa, sannan ta'aziyya da barkar haihuwa, cikin Dendanci ko Hausa. Ƙone majami'u a Yamai da Damagaram cikin Janairun 2015 ya nuna muhimmancin wannan zirga-zirga. Ranar da gari ya rikice, maƙwabci Musulmi da aka saba gaisawa da shi ne ake fatan ya tsaya a bakin ƙofa.