Lungunan Sabon Ibadan da motar gwangwani

In ka sauka Mokola a Ibadan, taka zuwa Sabo, unguwar da aka kafa wa Hausawa a 1916. Kada ka tsaya wajen 'yan canji da masu tsire kawai, leƙa lungu. Nan ɗan mace da ɗan namiji suka taso suna ƙera mota da gwangwanin madara, tayoyi na tsohon silifa, 'yan mata na ɗinka wa 'yartsana zane da ƙyallen tela. Taɓa wani dattijo da hira: ya manta sunayen rabin 'yan ajinsu, amma taubashin da ya take masa mota, har gobe tsiya suke. 'Ya'yanka fa, sun san nasu taubasan? Hutun nan kai su, wayoyinsu su zauna a jakarka.