Masu Bin Sawun Zarra

Ruwan randa, ko da ya kwanta lum, ba a tsaye yake ba. Masana sun tabbatar da cewa tarin ƙwayoyin zarra ne, suna kai da kawowa dare da rana. Ƙanƙantarsu da saurinsu kuwa sun fi ƙarfin ido. To, ta yaya za a bi sawunsu?

Da lissafi aka bi. Tun 1687 Isaac Newton ya bayyana ƙa'idar motsi, watau in an san inda abu yake, da saurinsa, da ƙarfin da ke tura shi, an san inda zai kai nan gaba kaɗan. Sai a sa kwamfuta ta lissafa turin da ke kan kowace ƙwaya, ta matsar da ita taki guda, sa'an nan ta sake, har sau miliyoyi.

A 1957 Alder da Wainwright suka gwada wannan a Amurka, da ƙwallaye na ƙage masu karo da juna. A 1964 wani malami haifaffen Haidarabad ta Indiya, Aneesur Rahman, ya bi ƙwayoyi 864 na narkakkiyar iskar argon, lissafinsa kuwa ya yi daidai da abin da aka auna a ɗakin gwaji. Daga nan mutane suka gaskata. A 1971 shi da Stillinger suka yi wa ruwa haka.

A 1977 Karplus da abokansa suka kai ga furotin, abin da ke tafiyar da ayyukan jiki. Da ma ana kwatanta shi da kwado mai jiran makulli, sai ga shi ba ya daina karkarwa da lanƙwasa. Wannan ya amfani masu haɗa magani ƙwarai, domin su ne masu ƙera makullin. Har a annobar korona ta 2020, da wannan dabara aka ga yadda ƙayar ƙwayar cutar take buɗewa ta kama jikin mutum.

Amma fa na'ura ba ta san gaibu ba. Ƙarfin da ke tsakanin ƙwayoyi, mutum ne ya ƙiyasta ya ba ta. Kamar littafin baitulmali ne: in an shigar da kuskure a shafin farko, jimla ba ta fita daidai, komai ƙwarewar akawu. Saboda haka masu hankali ba su karɓar lissafi sai gwaji ya shaide shi, domin gani ya kori ji.