Cinikin Biri A Sama: Alhaji Da Karensa Na Jamus

A wata sabuwar unguwa da ke bayan garin Kaduna, inda gidaje suke nesa da juna, fitilun titi kuma ba su kai ba tukuna, akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ya tattara kuɗin sallamarsa ya gina gida ya tare. Shekara goma sha ɗaya wani Buzu yana yi masa gadi, tun suna gidan gwamnati. Buzun nan farin 1984 ne ya raba shi da dabbobinsa a ƙasar Azawak, ya gangaro kudu yana saurayi, har furfura ta riske shi a bakin ƙofofin mutane. To, a cikin 2021 ɓarayi suka shiga gidan maƙwabci da dare suka yi ɓarna. Alhaji ya dubi maigadinsa ya ga tsufa ya kama shi, shayi da gyangyaɗi sun fi yawa a cikin aikinsa. Ya sallame shi da alheri, ya ƙudura a ransa zai sayi karen Jamus, watau irin wanda ake kira Alseshan.

Ba a banza zuciyarsa ta tafi can ba. Ya sha ganin irin karen nan a hannun 'yan sanda, kunnuwa a tsaye, ƙirji a buɗe, ana ba shi umurni da kalma ɗaya yana bi. Ya kuma gan shi a sinima tun yana yaro. Sunan da karen ya yi a duniya ma daga sinima ya samo rabinsa, tun lokacin da wani sojan Amurka mai suna Lee Duncan ya tsinci ɗan kwikwiyo a fagen yaƙi a Faransa cikin 1918, ya kai shi gida ya sa masa suna Rin Tin Tin, karen ya zama tauraron finafinai. Abin da Alhaji yake so ke nan, karen da ya san aikinsa tun daga cikin uwarsa.

Wani yaro ya haɗa shi da mai sayar da karnuka a Jos. Aka aiko masa da hotuna ta waya, na uwa da na uba, kowanne kamar zaki. Ya biya kuɗin da ya kai na raguna biyu na Layya, aka ɗoro masa ɗan kwikwiyo a motar haya a cikin kwali, tare da wata takarda mai hatimi wadda ba ta faɗi kome ba illa sunan mai sayarwa. Bai ga uwar da idonsa ba, bai ga uban ba. Hajiya ta leƙa kwalin ta ce, "Alhaji, wannan ɗan abin ne zai tsare mu?" Ya ce ta bari ya girma ta gani.

Ya sa aka gina wa karen ɗaki na bulo a bayan gida, da ƙofar ƙarfe da rufin kwano. Malamai sun yi rangwame ga ajiye kare saboda farauta da kiwo da tsaron gona, da yawansu kuma sun haɗa da tsaron gida, saboda haka Alhaji bai ga laifi ba, muddin karen bai kusanci ɗakuna ba. Sa'an nan masu ba da shawara suka yi masa caa. Wani ya ce kada ya bari karen ya ga baƙi, domin in ya saba da mutane ba zai yi zafi ba. Wani ya ce a riƙa kulle shi da rana a sake shi da dare. Wani ma ya ce a sa masa barkono a abinci. Ban da barkonon, Alhaji ya bi sauran duka. Yaron gida yakan tura wa karen kwano ta ƙarƙashin ƙofa sau biyu a rana, shi ke nan hulɗarsa da 'yan Adam.

Wata shida, kunne ɗaya ya miƙe, ɗayan ya ƙi. Wannan ne baƙin ciki na farko, kuma abin mamaki shi ya fi daɗewa yana cin Alhaji, don duk wanda ya zo sai ya tambaya ko dai an yi masa haɗi da karen gida. Shekara guda, karen ya yi girma sosai, amma in an sake shi da dare sai ya kama zagaya gida yana haushin iska, yana haushin ganyen mangwaro, har maƙwabta suka fara aiko da ƙorafi. In kuwa baƙo ya shigo da rana, sai ya shige ƙuryar ɗakinsa ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu. Ran da jikar Alhaji, 'yar shekara biyar, ta miƙa hannu ta tsakanin ƙarafa don ta taɓa shi, ya kai mata cizo a yatsa. Allah ya taƙaita, rauni kaɗan ne, an kuma riga an yi wa karen allurar rigakafin ciwon hauka, amma daga ranar 'yar Alhaji ta daina kawo yara gidan. A daminar 2023 aka haura katanga aka kwance injin ruwa da baturan hasken rana aka tafi da su. Da asuba aka iske karen a ƙarƙashin mota yana makyarkyata.

Alhaji ya yi niyyar bayar da shi, sai kuma ya lura karen ya fara jan ƙafafun baya, in zai tashi sai ya yi ta fama, in zai yi gudu sai ya haɗa ƙafa biyu ya yi tsalle kamar zomo. Ya ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi, kuma a kan bencin jira ne ya gane ashe ba shi kaɗai ba ne. Wani ɗan kasuwa yana kukan nasa ya yi zafin da ko matarsa ba ta iya fita tsakar gida. Wata malamar makaranta ta sayi kwikwiyo biyu, zawo mai jini ya kashe ɗaya a cikin kwana uku, ga na biyun a zane tana rungume da shi. Wani kuma nasa ya girma ya tsaya da siririn baki da gajeren gashi, ba shi da maraba da karnukan mafarauta. Kowa da irin nasa takaici, amma maganarsu guda ce, wai an cuce su.

An cuce su ɗin, ba shakka, sai dai ba mai sayarwa kaɗai ya yi cutar ba. Likita ya ɗauki hoton ƙashin karen Alhaji ya ɗaga shi ga haske ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi nan. Kan ƙashin cinya ya kamata ya zauna daram a cikin gurbinsa na ƙugu. Wannan gurbin bai yi zurfi ba, ƙashin yana wasa a ciki yana cin gaɓar. Yawanci gado ne, amma saurin girma da ƙiba sukan ƙara shi." Alhaji ya tambaya ko akwai magani. Likita ya ce akwai na rage zafi, akwai kuma aiki mai tsada, amma ba a mayar da ƙugun sabo da allura.

Ciwon nan tsohon tabo ne a jikin wannan iri. Wani hafsan sojan doki na Jamus, Kyaftin Max von Stephanitz, shi ya kafa irin a 1899, sa'ad da ya sayi wani kare a wurin nunin karnuka ya sa masa suna Horand von Grafrath, ya kafa ƙungiya a watan Afrilu na shekarar, ya rubuta karen a lamba ta ɗaya cikin littafin asali. Daga zuriyar Horand aka yi ta haɗa na kusa da na kusa don a tabbatar da kama da hali, kuma abin da aka tabbatar ya haɗa da mai kyau da maras kyau. Bayan mutuwar Stephanitz a 1936, musamman daga baya da gasar ƙawa ta yi ƙarfi, masu kiwo suka raja'a ga karen da bayansa ya gangara, ƙafafun baya suka lanƙwashe. A babbar gasar Crufts ta Ingila a 2016, karyar da aka ba lambar farko a wannan iri ta jawo surutu ƙwarai, domin jama'a sun ga yadda bayanta ya zube tana tafiya da ƙyar. A 2017 wani bincike na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ya nuna tsaka-tsakin rayuwar karen a Ingila shekara goma ne da 'yan watanni, kuma ciwon ƙashi da gaɓoɓi da kasa tsayuwa su ne kan gaba wajen ajalinsa. A Jamus ƙungiyar masu irin ba ta yarda a haɗa kare ya haihu sai an ɗauki hoton ƙugunsa an kuma gwada halinsa da aikinsa. Mai sayarwa ta waya kuwa ba wanda ya ɗora masa wannan sharaɗi.

Ga kuma zafin ƙasa. Kare ne mai gashi ninki biyu, an yi shi don sanyin Turai, aka sa shi ƙarƙashin kwano a watan Afrilu. Kaska ma ba ta raga masa. Cutar jini da kaskar kare take ɗauka, wadda aka fara ganowa a Aljeriya a 1935, ta fi yi wa wannan iri mugun kamu, kamar yadda sojojin Amurka suka gani a Biyetnam wajen ƙarshen shekarun 1960, inda ta kashe musu karnukan aiki masu yawa. Zawo mai jini da ya kashe kwikwiyon malamar nan kuwa, tun 1978 ya bazu a duniya, rigakafi ne kawai ke tare shi.

Amma duk wannan bai bayyana dalilin da ya sa kare mai nauyin kilo talatin da wani abu ya ɓuya ƙarƙashin mota ba. A nan ne likita ya yi wa Alhaji tambayar da ta fi hoton ƙashi zafi. Ya ce, "Alhaji, a watanninsa uku na farko, mutum nawa ya gani?" Alhaji ya yi shiru. Ashe tsakanin mako uku da wajen mako goma sha biyu ne kwikwiyo yake koyon abin da za a ji tsoro da wanda ba za a ji ba. Wanda ya wuce wannan lokaci a kulle, kome na duniya baƙo ne a gare shi, ba ya bambanta ɓarawo da jikar maigida, don bai san kowa ba. Abin da masu shawara suke kira zafi, sau da yawa tsoro ne tsagwaronsa, kuma matsoracin kare ko dai ya ciji yaro ko ya guje wa babba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sunan karen ma da Jamusanci ma'anarsa karen makiyayin tumaki. Ingilishi ne suka laƙaba masa Alseshan bayan Yaƙin Duniya na Farko don ƙin jinin duk abin da ya shafi Jamus, ba su mayar masa da sunansa ba sai 1977. Aikinsa na asali shi ne ya yini yana sassarfa a bakin gona, ya zama shinge tsakanin tumaki da shuka, idonsa a kan makiyayi yana jiran ishara. Na 'yan sanda da Alhaji ya gani, watanni aka yi ana horar da shi kullum, a hannun mutum guda. Ba takarda ba ce ta sa shi haka. Mafarautan ƙasar Hausa ba sa shigar da kare ɗaki su ma, amma tare suke yini da shi a daji, shi ya sa ɗan siririn karensu yake jin fito daga nesa ya juyo.

Bayan satar da mako biyu Alhaji ya aika aka nemo Buzu a Rigasa, inda yake zaune wurin 'yan'uwansa. Bai yi wata magana ba game da sallamar da aka yi masa. Ya shimfiɗa tabarmarsa inda ya saba, ya hura gawayin shayi. Kashegari ya ce, "Maigida, a ba ni makullin ɗakin karen can." Mutanen Azawak suna da nasu karen, dogo siriri, wanda ke kwana a gefen tanti, don haka abin ba baƙo ba ne a gare shi. Kwana huɗu ya yi yana zama a bakin ƙofar a buɗe, bai kira karen ba, bai dube shi ba. A na biyar karen ya fito da kansa ya kwanta nesa kaɗan. Buzu ya cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya, ya rage masa tuwo, ya mayar da makwancinsa gindin mangwaro, ya riƙa fita da shi a hankali bayan sallar asuba, iyakar abin da ƙugun zai ɗauka.

Yanzu karen ya daina haushin ganye. In wani ya tsaya a bayan katanga da dare yakan yi gurnani ƙasa-ƙasa, Buzu ya farka ya haska tocila, tsakaninsu su biyu sun zama maigadi guda, ɗaya da kunne ɗaya da hankali. Ba zai taɓa kama ɓarawo ba, likita ya ce ƙafafun za su ci gaba da lalacewa, kuma har yanzu ana ɗaure shi in yara za su zo, ko da yake sun fara zuwa. Kunnen hagu yana nan a kwance.

Wani lokaci da yamma Alhaji yakan fito da kujera ya zauna yana kallonsu. Ran nan ya gwada kiran karen da sunan da ya raɗa masa tun yana cikin kwali. Karen ya ɗaga kai, ya dubi Buzu tukuna, sai da Buzu ya yi masa alama da haɓa sa'an nan ya taso yana ɗingishi, ya zo ya tsaya taku biyu daga kujerar.