Yaron da ba ya da uwa

Ƴan'uwa, tun ina yaro nake son Dragon Ball. Majigin zane ne na ƙasar Japan. Akira Toriyama ya fara zana labarin cikin 1984. Mu da faransanci muka gan shi. Mukan biya dala biyar mu shiga rumfar bidiyo. In an tashi, sai dambe cikin rairayi, kowa ya ce shi ne Goku.

Da na ji Toriyama ya rasu cikin 2024, sai kewa ta kama ni. Na ɗauki alƙalami na rubuta labari irin nasa: wani yaro mai tashi sama, yana fasa dutse da hannu. Dare uku ina rubutu. Na karanta ma ɗalibaina na yaƙi da jahilci. Shiru. Can wata tsohuwa ta ce: "Malam, yaron nan ɗan wane ne? Mi yake ci? Ba ya da uwa?"

Kunya ta kama ni. Faɗan kaɗai na kwaikwaya. Alhali shi Goku yana da asali: wani tsoho ya tsince shi ya raine shi, ga shi da ci kamar gara. Toriyama ma daga tsohon labarin Sin ya ɗauko shi, na sarkin birai.

Na sake rubutu. Yanzu sunan yaron Tanko, uwarsa na saida fura a kasuwa. Har yau yana tashi sama, wannan kam na kasa bari. Tsohuwar ta karanta shafin farko da kanta, ta ce furar ta yi tsada.