Sabuwar Na'ura Da Tsohon Faifai: Bashin Da Kutaragi Ya Bari

Duk wanda ya taɓa leƙa gidajen wasan gem na Kano ko Kaduna ko Jos, ko kuwa na Agege a Ikko, inda samari ke biyan kuɗi su buga ƙwallon ƙafa a gaban talabijin, lalle ya ga wani baƙin akwati mai suna PlayStation 2. Shekaru da dama bayan da kamfanin Sony na Japan ya fito da na uku a 2006, masu waɗannan gidaje sun ci gaba da riƙe na biyun. Araha na daga cikin dalilai, haka ma sauƙin gyara. Amma akwai wani dalilin da ya samo asali tun daga ɗakin injiniyoyi a birnin Tokyo, watau mas'alar da kowane mai ƙera irin wannan na'ura ke fuskanta: shin sabuwa za ta karɓi faifan tsohuwa, ko kuwa a ce wa mai saye ya tattara abin da ya tara ya jefa a kwali?

Mai karatu zai iya cewa ai faifai faifai ne, in ya shiga bakin na'ura me zai hana shi aiki? To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Kowane wasa an rubuta shi ne da harshen da ƙwaƙwalwar wata na'ura takamaimai ke ji, an kuma auna shi daidai da saurinta da ɗabi'unta, har da kurakuranta. In aka sake ƙwaƙwalwa, wasan ya zama baƙo a garin da ba a jin yarensa. Sai dai ko a dasa tsohuwar ƙwaƙwalwar a cikin sabon akwati, ko kuwa a rubuta wata manhaja da za ta tsaya a tsakani tana tafinta. Dashen yana cin kuɗi da wuri da wuta. Tafintan kuwa yana bukatar sabuwar na'ura ta fi tsohuwa ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma duk da haka yakan yi tuntuɓe a wasu wasannin.

Mutumin da wannan mas'ala ta ɗaga sa'an nan ta kayar shi ne Ken Kutaragi, injiniyan da aka haifa a Tokyo a 1950, ya kuma kama aiki da Sony a 1975. Shi ne ya tsara wa kamfanin Nintendo ƙwaƙwalwar sauti ta na'urarsu Super Famicom, a lokacin da manyan Sony ke kallon wasan bidiyo a matsayin abin yara. Kamfanonin biyu sun ƙulla yarjejeniyar yin na'ura mai amfani da faifai, amma a watan Yuni na 1991 Nintendo ya juya baya a bainar jama'a, ya koma wajen kamfanin Philips. Shugaban Sony na lokacin, Norio Ohga, ya ɗaure wa Kutaragi gindi ya ci gaba shi kaɗai. Ranar 3 ga watan Disamba, 1994, PlayStation ta farko ta shiga kasuwar Japan, kuma daga baya aka sayar da fiye da miliyan 100.

Sa'ad da aka zo ƙera ta biyu, wadda ta fito ranar 4 ga Maris, 2000, sai Kutaragi da mutanensa suka yi wata dabara mai ban sha'awa. Sabuwar na'urar dai tana bukatar wata ƙaramar ƙwaƙwalwa da za ta kula da hidimomin gefe, kamar karanta faifai da sauraren abin da mai wasa ke dannawa a hannunsa. Maimakon su ƙirƙiro sabuwa, sai suka ɗauko ƙwaƙwalwar PlayStation ta farko suka ba ta wannan aiki. Watau tsohon maigida ya koma mai tsaron ƙofa a sabon gida. In aka saka sabon faifai yana gadinsa, in kuwa aka saka tsoho sai ya tashi ya hau kujerarsa ta dā. Da yake ko ta yaya sai an sayi wani abu ya yi wannan gadi, karɓar tsofaffin fayafai bai ƙara wa kamfanin wani nauyi na a zo a gani ba. Mai saye kuma ya shigo da akwati gida ranar farko yana da ɗaruruwan wasannin da zai zaɓa, ga shi kuma yana kallon fim na DVD da shi. An sayar da PlayStation 2 fiye da miliyan 155, ba a daina ƙera ta ba sai a farkon 2013.

Dabarar ba sabuwa ba ce ƙal. Kamfanin Sega ya yi irinta a 1988, inda ya sa ƙwaƙwalwar tsohuwar na'urarsa ta kula da sauti a cikin Mega Drive. Kamfanin Atari na Amurka ma, bayan ya sha suka domin na'urarsa ta 1982 ba ta karɓar kaset ɗin 2600 sai da wani ƙarin ƙarfe, ya gyara a Atari 7800 ta 1986. Sai dai shi ya biya ta wata fuska, domin tsohon abin da ya bari a ciki shi ne ke fitar da sauti, har na'urar ta fito da hoton zamaninta da muryar 1977. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma wanda ya ɗauko tsohon kaya ya ɗauko har da gazawarsa.

Nasara kan sa mutum ya raina gargaɗi. Da aka zo ta uku, Kutaragi ya ƙudura yin abin da ba a taɓa gani ba. Sony da Toshiba da IBM suka haɗa kai suka ƙera wata ƙwaƙwalwa mai suna Cell, wadda ke da babban sashe guda da ƙananan mataimaka takwas. A cikin takwas ɗin an kashe guda domin a rage asarar masana'anta, an ware guda domin hidimar na'urar kanta, masu rubuta wasanni suka samu shida. Tana da ƙarfin lissafi ƙwarai, amma sarrafa ta sai gwani, kuma ba ta da wata dangantaka da ƙwaƙwalwar PlayStation 2. A wannan karon babu aikin gadi da za a ba tsohon maigida. Tafinta ma bai isa ba tukuna, musamman wajen sashen zana hoto na tsohuwar na'urar, wanda ke da wata irin hanzari ta kansa mai wuyar kwaikwayo. Saboda haka aka ɗauko manyan sassan PlayStation 2 guda biyu, mai lissafi da mai zane, aka dasa su a cikin sabon akwati, suna zaune ba aikin fari ba na baƙi sai ranar da aka saka tsohon faifai.

Ranar 11 ga Nuwamba, 2006, PlayStation 3 ta fito a Japan, ranar 17 kuma a Amurka, a kan dala 499 ƙarama da dala 599 babba. Wani kamfanin binciken kasuwa mai suna iSuppli ya kwance ta ya ƙiyasta cewa ƙera kowace guda ta cin fiye da dala 800. Ashe kowane mai saye da ya fita daga kanti ya bar wa Sony asarar dala ɗari biyu da wani abu, ko ɗari uku. Ba a nan kaɗai tsofaffin sassan suka yi laifi ba, domin Cell da na'urar karanta faifan Blu-ray su ne suka fi cin kuɗin. Amma waɗannan biyun ba su ciruwa. Abin da ke ciruwa shi ne baƙon da ke zaune yana cin wuri, yana ƙara zafi, yana sa a ƙara girman akwati da ƙarfin fanka.

A cikin wannan wata ɗaya Nintendo ya fito da Wii a kan dala 249. Injiniyoyinsa ba su nemi abin mamaki ba. Ƙwaƙwalwar tsohuwar na'urarsu GameCube suka ɗauko suka ƙara mata sauri, don haka karɓar tsohon faifai ya zo musu kusan a kyauta. Masu son kyan hoto sun yi musu dariya, amma an sayar da Wii fiye da miliyan 100, kuma masu lissafin kasuwa sun ce tun farko da riba ake sayar da ita.

Sony bai jima ba ya ɗauko wuƙa. Na'urar da aka kai Turai ranar 23 ga Maris, 2007, an riga an cire mata tsohuwar ƙwaƙwalwar lissafi, an maye gurbinta da manhajar tafinta, aka bar mai zanen kaɗai, kuma yawan tsofaffin wasannin da ke aiki sumul ya ragu. A watan Yuni na wannan shekara Kutaragi ya sauka daga shugabancin sashen wasanni, Kazuo Hirai ya gaje shi. Kafin shekarar ta ƙare aka fito da wani samfuri mai araha, dala 399 a Amurka, wanda ba ya karɓar faifan PlayStation 2 ko kaɗan. Abin dariya a nan, faifan kakar, watau PlayStation ta farko, ya ci gaba da aiki a kowane samfuri, domin ita tafinta ya ishe ta. Uwar ce aka rufe wa ƙofa.

Hujjar kamfani ba ta banza ba ce. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma farashi ne ke kashe na'urar a kasuwa. Sai da aka sauko da shi zuwa dala 299 a 2009 sa'an nan ta farfaɗo, har ta kai kimanin miliyan 87. A 2017 wani babban jami'in kamfanin, Jim Ryan, ya bayyana ra'ayin da manyan 'yan kasuwar nan suka daɗe da shi, cewa mutane na yawan neman a ba su damar buga tsofaffin wasanni, amma in an ba su ba su cika amfani da ita ba. Mai yiwuwa haka ne ga mai sayen farko a Landan ko Tokyo, wanda ke da halin sabunta kayansa kowace shekara. Amma na'ura ba ta mutuwa a hannun mai sayen farko. Takan bi jirgin ruwa cikin kayan gwanjo ta sauka a kasuwar Alaba, ta yi wasu shekarun tana ciyar da mai gidan wasa da iyalinsa. Nijeriya kuwa tsarin talabijin irin na Ingila take bi, kuma daga Turai kayan gwanjo da yawa ke zuwa, watau daga yankin da bai taɓa samun cikakken samfurin ba. (A faɗi gaskiya, fayafai da yawa da ke yawo a kasuwannin ƙasar nan kwafi ne na satar fasaha, waɗanda ko cikakken samfurin ba zai karanta ba. Wannan wata maganar ce dabam.) Shi dai wannan mai saye na biyu ba ya cikin lissafin da ake yi a ɗakin taro, domin kuɗinsa ba ya isa aljihun kamfani.

Duk da haka, cire sassan nan biyu ƙaramin al'amari ne in aka kwatanta da bashin da ita kanta Cell ta bari. Wanda ya tsara PlayStation 4, Ba'amurke Mark Cerny, ya zagaya wajen masu rubuta wasanni ya tambaye su abin da suke so, suka nuna sun gaji da wahala. A watan Nuwamba na 2013 na'urar ta fito da ƙwaƙwalwar kamfanin AMD, irin ta kwamfutar da ke kan kowane tebur. Ta yi farin jini, amma ba ta karɓar faifan PlayStation 3 ko guda, domin dasa Cell a ciki tsada ne, kwaikwayonta kuma ya fi ƙarfin sabuwar na'urar. Da PlayStation 5 ta zo a Nuwamba na 2020 a kan wannan layi na AMD, sai ta karɓi kusan duk wasannin ta huɗu ba tare da wata tangarɗa ba. Na ta uku kuwa, hanyar da kamfanin ya buɗe musu ita ce a kunna wasan a wata cibiya mai nisa a riƙa turo hotonsa ta intanet, abin da ba ya yiwuwa sai da layi mai ƙarfi, kuma ba a kowace ƙasa aka ba da wannan hidima ba. Ke nan ƙofar da aka samu a rufe a 2013 da 2020, tun ranar da aka zana Cell aka rufe ta.

Kamfanin Microsoft ya nuna cewa tafinta na iya yin aiki in aka zuba masa kuɗi da haƙuri. Na'urarsa Xbox One ta 2013 ita ma ta fito ba ta jin harshen Xbox 360, amma a watan Yuni na 2015 kamfanin ya sanar da cewa injiniyoyinsa sun samo hanya, aka riƙa ƙara wasanni rukuni rukuni har suka kai ɗaruruwa. Sai dai ƙwaƙwalwar Xbox 360 ba ta kai Cell sarƙaƙiya ba, kuma kowane wasa sai an nemi izinin mai shi, don haka da yawa sun faɗi a hanya.

A watan Maris na 2021 Sony ya ba da sanarwar rufe shagonsa na intanet da ke sayar da wasannin PlayStation 3, jama'a suka yi caa, a watan Afrilu ya janye. A 2023 wata gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar da bincike da ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Wannan ne ya sa masu sha'awar tsofaffin kaya ke farautar samfurin nan na 2006, mai kauri da nauyi, wanda ke karɓar fayafayan zamani uku, kuma shi kaɗai ke ɗauke da manyan sassan PlayStation 2 guda biyu na asali. Shi ne kuma samfurin da ya fi kowanne zafi, kuma da yawa daga cikinsu sun riga sun nuna 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa sun ƙi tashi, suna jiran mai gyara.